Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar gudanarwar makarantarmu: ku bar wa yara lambunsu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, shugaba da sauran mambobin hukuma. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ɗawainiya. Na san nauyin da ke wuyanku ba ƙarami ba ne, albashi na jira, rufin azuzuwa na neman gyara, iyaye kuma kullum idonsu na kan sakamakon jarrabawa. Allah ya taya ku riƙo.

Ni malama ce a wannan makaranta, ina koyar da kimiyya da lissafi a aji huɗu da aji biyar. Ina magana ne da yawun malamai 'yan'uwana da ke fita da yara darasi a waje, da iyayen da suka daɗe suna kawo mana iri da taki daga aljihunsu, da kuma yaran kansu, waɗanda ba su da kujera a zaman da kuke yi amma a kansu hukuncin yake faɗawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar da aka manna a allon sanarwa. Ta ƙunshi hukunci biyu: za a tsuge dangar lambun da ke bayan azuzuwa a zuba kankare a mai da wurin ma'ajiyar motoci, sannan za a cire darasin waje na mako-mako daga jadawali a ba da lokacinsa ga bitar jarrabawa. Mun rubuta muku ta hannun ofis, mun jira, shiru. Shi ya sa na fito fili. Na kuma san irin wannan hukunci ana yanke shi a makarantu da yawa ba tare da kowa ya ce uffan ba, don haka wataƙila wata malamar a wani wuri ta sami abin da za ta riƙe a cikin maganata.

Kukanmu na farko yana cikin kalmomin sanarwar kanta. An kira lambun "filin da ba a amfani da shi." Wanda ya rubuta haka bai taɓa zuwa wurin da hantsi ba, lokacin da yara ke tsugune da tef ɗin awo da littafi a kan gwiwa. A wannan filin nake koyar da abin da allo ya gaza koyar mini da shi shekara da shekaru. Bambancin kewaye da faɗin fili yana cikin abubuwan da suka fi rikita yaro ɗan shekara tara. A cikin aji zan zana akwati a allo, in rubuta lambobi, su kwafa, gobe su manta. A lambu kuwa sai in ba su igiya mai tsawon mita 12 in ce su kewaye fangali da ita. Wani rukuni ya yi mita 5 da mita 1, ya sami murabba'in mita 5. Wani rukunin ya yi mita 3 kowane gefe, ya sami murabba'in mita 9. Igiya ɗaya ce, amma wasu sun sami wurin shuka kusan ninki biyu na wasu. Gardamar da ke tashi a tsakaninsu a wannan lokacin ita ce darasin, ni dai tsayawa nake yi ina saurare.

Haka ma kaso cikin ɗari. Kowane yaro ya shuka ƙwayar wake 20, bayan mako guda ya ƙirga nawa suka tsiro. Wanda 15 suka fito masa ya gano da kansa cewa kashi 75 ke nan, ya kuma fara tambayar ina sauran biyar ɗin suka shiga. Daga nan sai a tona a duba: wannan ya ruɓe saboda ruwa ya yi masa yawa, wancan an binne shi da zurfi, wani ƙwaro ya riga mu. In waken ya girma muka tuge guda ɗaya, sai su ga ƙananan ƙulluttai a jikin saiwarsa, in gaya musu cewa a ciki akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, shi ya sa ƙasar da aka noma wake take yi wa amfanin da ya biyo baya daɗi. Yaro ya murje ƙullutun da yatsa ya ga jaja-jaja a ciki. Ban taɓa ganin wanda ya yi haka ya faɗi wannan tambayar a jarrabawa ba.

Akwai wani yaro da ba zan manta ba. Zango biyu yana zaune a bencin baya, ba ya ɗaga hannu, rubutunsa ba ya cika layi, har an fara yi masa kallon wanda kansa ba ya ja. Ranar da na kafa sanda a rana na ce su gano tsawon bishiyar da ke bakin danga ba tare da sun hau ta ba, shi ne ya fara lura cewa inuwar sandar ta ninka sandar sau biyu, don haka inuwar bishiyar ma ta ninka bishiyar sau biyu. Ya auna inuwar, ya raba biyu, ya faɗi amsa da murya ƙasa-ƙasa. Na gaya masa a gaban kowa cewa da irin wannan dabara ta sanda da inuwa ne wani masani mai suna Eratostenis, yana zaune a Iskandariyya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya ƙiyasta kewayen duniya gaba ɗaya. Tun daga ranar yaron ya dawo bencin gaba. Ba na cewa lambu ne ya zuba masa ƙwaƙwalwa, da ma yana da ita. Wuri ya samu da ta fito.

Don haka in dalilin cire darasin shi ne a ƙara wa yara maki, to an datse reshen da ake zaune a kai. Duk abin da na lissafa yana cikin manhajar da kuke so a yi bita a kanta: awo, kaso, tsirowar iri, sassan shuka, nau'o'in ƙasa, zagayen ruwa. Tushen ilimin gado da ake koyarwa a manyan azuzuwa ma a lambu aka samo shi, domin Gregor Mendel tsakanin 1856 da 1863 ya yi ta shuka wani nau'in wake a harabar gidan ibadar Kirista da yake zaune a ciki a garin Brno na ƙasar Czech ta yau, yana ƙirga wanda ya fito dogo da wanda ya fito gajere, har ya gano yadda siffa ke bin zuri'a.

Kuka na biyu ya shafi lafiyar jikin yaran, kuma a nan ina roƙon ku saurara da kyau, don abu ne da ba a ganinsa sai ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki mai ɗan ƙarfi na aƙalla minti 60 a kowace rana. Yaranmu suna zaune a benci tun safe, su koma gida su zauna gaban talabijin ko waya. Ɗaukar bokiti, tura baro, tsugunawa da miƙewa a lambu, duk motsa jiki ne da yaro ke yi bai ma san yana yi ba.

Sai maganar ido. Matsalar rashin hangen nesa, wadda ke sa yaro ya kasa ganin allo sai da tabarau, tana ƙaruwa a ƙasashe da yawa, kuma masana sun gano cewa hasken rana na waje yana kare idon yaro mai tasowa daga gare ta. Hasken da ke ƙarƙashin inuwar bishiya ma ya ninka na cikin aji sau da yawa. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi gwaji a makarantu 12 da yara 'yan aji ɗaya, aka ƙara wa rabin makarantun minti 40 a waje kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, a sakamakon da aka wallafa a 2015, kusan kashi 30 cikin ɗari na yaran da ake fita da su ne suka kamu da matsalar, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 40. Taiwan ta riga ta ɗauki matakin tun 2010, ta buƙaci makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana. Mu darasi ɗaya ne tal a mako muke da shi, shi ɗin ma ana so a karɓe.

Kuka na uku shi ne abinci. Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba: lambun makaranta ba zai ciyar da makaranta ba. Fangali goma ba sa cika cikin yara ɗaruruwa, duk wanda ya ce muku haka bai taɓa riƙe fartanya ba. Amfaninsa yana wani wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana ga wanda ya kai shekara 10, kuma kowace uwa ta san yaƙin da ake yi kafin yaro ya kai ganye bakinsa. Amma yarinyar da ta shuka karas da hannunta, ta yi masa ban-ruwa wata biyu da rabi, ta tuge shi ta wanke, ba a roƙonta ta ci. Na ga yaran da ke tsince kabeji su ture gefe suna rige-rigen ɗanɗana wanda suka shuka. Iyaye da dama sun zo sun gaya mini cewa 'ya'yansu sun matsa musu lamba sai da aka cika tsohon bokiti da ƙasa aka shuka tumatir a gida. Yaron da ya san wata nawa tumatir ɗaya ke ɗauka kafin ya nuna ba ya zubar da abinci kamar wanda ya ɗauka daga leda yake fitowa, kuma ba ya raina wanda ke noma shi.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na san abin da kuka gani ranar da kuka zagaya bayan hutu: ciyawa ta kai gwiwa, danga ta kwanta, rabin fangalin ya bushe. Gaskiya ne, haka wurin yake. To amma wa ya bar shi haka? Famfon da ke kusa da lambun ya lalace tun bara, mun kai rahoto sau uku. Yara ke ɗauko ruwa daga can ƙarshen harabar makaranta, rabin lokacin darasi ya tafi a hanya. Kayan aikin da muke da su fartanya huɗu ne da shebur ɗaya, duk iyaye ne suka kawo. In aka rufe makaranta ana kulle ƙofa, babu wanda aka ba izinin shiga ya yi ban-ruwa, sai mu dawo mu tarar da wahalar zango guda ta zama kara. A kasafin makaranta babu layi ko ɗaya mai sunan lambu. An hana shi ruwa, an hana shi kayan aiki, an hana shi mai kula, yanzu kuma ramar da ya yi ta zama hujjar yanka shi. Wannan bai yi mana daɗi ba, ranku ya daɗe.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi rashin ruwa ɓarna. Yaro ya makara, a ce ya je lambu ya cire ciyawa. Ya yi surutu a aji, a miƙa masa fartanya. Abin da nake ginawa ranar darasi ana rushe shi a sauran kwanakin mako, domin yaro yana koyon cewa taɓa ƙasa horo ne, aikin masu laifi. Na taɓa samun wata yarinya tana kuka a bakin danga, na tambaye ta, ta ce an turo ta ne ta yi noma don ba ta yi aikin gida ba, kuma tana tsoron ƙawayenta su gan ta. Wannan yarinyar mako guda kafin nan ita ce ke tsalle don furen kabewarta ya buɗe.

Darasin nan ba a yau aka fara koyonsa ba. A 1967 shugaban ƙasa Julius Nyerere ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai a Tanzaniya, aka buɗe gonaki a makarantu da niyyar karatu da aiki su tafi tare. A wurare da dama gonar ta rabu da darasi, ta koma aikin ƙarfi kawai, jarrabawa kuma ta ci gaba da tambayar abin da ke cikin littafi, sai iyaye da yara suka riƙa kallonta a matsayin ɓata lokaci. Ba irin wannan muke nema ba, kuma in har lambunmu ya fara komawa haka ni ce zan fara ƙorafi. Abin da muke karewa ya fi kusa da abin da Friedrich Froebel ya yi a Jamus, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara, kuma a tsarinsa kowane yaro yana da ɗan fangalinsa ban da na tarayya. A 1904 an buɗe makaranta a cikin kurmi kusa da birnin Balin na Jamus domin yara masu raunin jiki da ake tsoron tarin fuka ya kama su. A 1995 kuwa, a garin Berkeley na Amurka, wata mai gidan abinci, Alice Waters, ta haɗa kai da shugaban wata makarantar gwamnati, aka farfasa kwaltar da ke shimfiɗe a harabar aka mai da wurin lambu mai faɗin kusan eka guda, kuma har yau yana nan ana koyi da shi. Su kwalta suka fasa da kuɗinsu da guminsu kafin su kai ga ƙasa. Mu ƙasar tana hannunmu, shekara da shekaru muna zuba mata taki har ta yi baƙi, ta cika da tana. Kankare yini ɗaya ake zuba shi, amma irin wannan ƙasa ba ta dawowa a zango ɗaya ko biyu.

Na ji an ce wasu daga cikinku tsoron haɗari suke yi, kuma tsoron yana kan hanya. Rana tana da zafi, fartanya tana da kaifi, ciyawa mai duhu tana ɓoye abin da ba a so. Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi: a sa darasin da sassafe ko a inuwa, a kawo ruwan sha, a raba yara rukuni-rukuni da babba a kan kowanne, a yanke ciyawa, a wanke hannu da sabulu kafin a koma aji. Ba ma fesa maganin ƙwari inda yara ke aiki, da hannu muke tsince tsutsa. Kuma in ana maganar haɗari, ku duba motoci suna shiga suna ja da baya a daidai bayan tagogin 'yan aji ɗaya, da hayaƙinsu da ƙararsu.

Ga abin da muke roƙo. Ku dakatar da aikin kankaren nan tun kafin ɗan kwangila ya sauke yashi, ku nemi wani wurin ajiye motoci. Akwai fili kusa da ƙofar shiga wanda ba ya tsirar da komai. Ku mayar da darasin waje cikin jadawali, a rubuce, ga kowane aji, yadda ba zai zama abin da ake sadaukarwa duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato ba. Mu kuma mun ɗauki alkawarin rubuta wa kowane darasi tsarinsa, mu nuna babin manhajar da ya dace da shi, duk sufeton da ya zo ya gani a takarda.

Ku gyara famfon. In hakan zai ɗauki lokaci, ku sa mana indararo da tanki a rufin ginin da ke kusa. Lissafin ba shi da wuya, yarana ma sun yi shi: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai tara lita 1,000 daga ruwan milimita 10 kacal. Wannan ruwan yanzu zuba yake yi yana cin gindin ginin.

Ku naɗa malami ɗaya a matsayin mai kula da lambu, ku rage masa wani nauyin domin ya sami lokaci, kada abin ya rataya a kan son rai na mutum ɗaya wanda in an yi masa canjin wurin aiki shi ke nan. Ku ba da izini a rubuce ga iyayen da suka yarda su riƙa shiga lokacin hutu bi da bi suna ban-ruwa. Mun riga mun tattara sunayensu. Ku ware wa lambun kasonsa a kasafi, kome ƙanƙantarsa, don iri da kayan aiki daidai hannun yara da sabulu. Ku amince ɓawon kayan marmari da busasshen ganyen da ake sharewa a ƙone kullum su riƙa zuwa ramin takinmu. Abin da aka girba kuma yaran da suka shuka su fara ci, kada ya bi ta bayan gida.

Sannan ku fitar da umarni ga dukkan malamai da masu kula da ɗa'a cewa daga yau ba a tura yaro lambu don horo. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma in da za a ce in zaɓi ɗaya a cikin duk roƙon nan bayan barin filin, shi zan zaɓa.

Kafin zamanku na gaba, muna gayyatar ku ku zo ranar darasin aji huɗu, da hantsi. Kada a share wurin dominku, kada a shirya wa yara abin da za su faɗa. Ku tsaya minti 40 ku tambaye su abin da kuka ga dama game da abin da suka shuka. Waken da suka sa a farkon zango ya fara fure, suna kuma ƙirga kwanaki a bangon aji. Ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin sanarwar tukuna, domin muna sa ran ba sai mun gaya musu ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ƙara girma.

Taku,
Malamar kimiyya da lissafi ta aji huɗu da biyar,
a madadin malamai, iyaye da ɗaliban da ke kula da lambun makaranta.